Data na ƙarewa, OneDrive ya cika: in biya kuɗi ko in kashe abin gaba ɗaya?

Wani ɗan kasuwa ne ya turo min wannan tambayar: "Assalamu alaikum Malam. Ina da shago a Kantin Kwari, atamfa da leshi da shadda nake sayarwa, sari da ɗai-ɗai. Akwai laftof a shago da yarona yake rubuta ciniki da littafin bashi a Excel, ni kuma ina da wata a gida, ɗana ne ya haɗa mana su da OneDrive don in riƙa duba lissafi da daddare. To yanzu datar MiFi da take mana wata ko sati biyu bata kaiwa, kullum kwamfuta tana cewa wuri ya cika, ita ma wayata Gmail ya fara gargaɗi. In biya kuɗin ƙarin wuri ne ko in kashe abin in huta?"

Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya ƙara wa kasuwa albarka. Kada ka kashe, kuma kada ka biya ko sisi tukuna. Ɗanka yayi maka abu mai kyau, abinda ya rage kawai bai zaɓi foldar da zata riƙa hawa da wadda bazata hau ba, shine komai yake hawa sama, wato intanet, yana cin datarka.

Ka ɗauki OneDrive kamar ɗan dako ne da ka ɗauka aiki kace masa duk abinda ka gani akan wannan teburin ka kai irinsa sito. Baya tambaya, baya bambance dila da buhun shara, ɗauka kawai yake, kuɗin dakon kuma shine datarka. Siton da Microsoft suke bayarwa kyauta giga 5 ne kacal, na Google giga 15 ne amma shi raba shi ake tsakanin Gmail da Drive da Google Photos. Yanzu duba kayan da kake ɗora masa. Fayil ɗin Excel na cinikin shekara guda da wuya ya wuce mega kaɗan, lissafinka na shekara goma bazai cika giga ɗaya ba. Amma hoton atamfa ɗaya daga wayar zamani mega 3 zuwa 5 ne, bidiyon minti ɗaya da yaronka ya ɗauka yana buɗe leshi don a tura wa kwastoma yana iya kai mega 100, kuma nasan yadda ake yi a kasuwa, kala ɗaya sai a ɗauke ta sau shida saboda haske bai yi ba, sannan a juye komai akan fuskar kwamfuta. Ba lissafi ne ya cika maka wuri ba Alhaji, hotunan kayan da aka sayar tun bara ne, da wa'azi da fina-finan da aka sauke aka bari a Documents.

Amma kafin ka taɓa komai ga inda mutane suke ƙonewa, kuma nan nake so ka nutsu. Wannan ɗan dakon aikinsa biyu ne, in ka ɗauke abu daga tebur shima zai je ya fitar da shi daga sito. Na taɓa zama da wani mai sayar da kayan gini da hankalinsa ya tashi, yaronsa yaga kwamfutar shago tana kukan wuri sai ya goge wata tsohuwar folda don ya taimaka, ashe littafin bashin shekara biyu yana ciki, da maigidan ya buɗe tasa a gida ita ma babu. Har yanzu ina tuna yadda yake ta danna linzamin kwamfuta hannunsa na rawa yana lissafa sunayen ƴan kwangilar da suka karɓi siminti da rodi. Allah ya taimaka kwana tara ne da gogewa, muka shiga kwandon shara na intanet muka dawo da ita, don abinda aka goge yana zama kwana 30 a can kafin ya tafi gaba ɗaya. Da wata biyu akayi da shikenan.

To cire folda iri biyu ne, kuma ba ɗaya suke ba sam.

Na farko shine folda ta zauna a sama amma kada ta sauko wata kwamfutar. A OneDrive zaka danna ɗan hoton gajimaren nan kusa da agogo, ka shiga saitin, ɓangaren Account, akwai wajen da aka rubuta Choose folders. Duk foldar da ka cire wa alama zata ɓace daga wannan kwamfutar amma tana nan lafiya a intanet da ɗaya kwamfutar. Masu Dropbox, wata manhaja irin OneDrive, suna kiran nasu Selective sync, a Google Drive kuma in ka zaɓi Stream files fayil baya saukowa sai ka buɗe shi. Wannan yana rage cikar kwamfuta da datar saukewa, amma ka lura, ko mega ɗaya baya rage maka a giga 5 ɗin nan, kayan suna sito har yanzu. Mutane da yawa nan suke tsayawa sai suyi mamaki gargaɗin wuri ya cika bai tafi ba.

Na biyu shine wanda kai kake buƙata, folda ta zauna a kwamfuta kada ta hau sama ko kaɗan. Shi wannan ba wani maɓalli na musamman ake nema ba, daga teburin ɗan dako zaka kawar da ita. Ka buɗe sabuwar folda kai tsaye a cikin C, wato babbar ma'ajiyar kwamfutar, ka sa mata suna kamar Hotunan Kaya, tunda bata cikin foldar OneDrive bazai ganta ba. Sai ka kwafi hotuna da bidiyo zuwa can, kwafa nace ba yankewa ba, ka buɗe wasu ka tabbatar suna buɗuwa, ka ƙara kwafa a hadis (hard disk) na waje ko babban filash, sai bayan nan ka goge na cikin OneDrive ka kuma zubar da kwandon sharar intanet don shima yana cin wuri. Wani abu da zaka kula dashi, fayil ɗin da kaga shuɗin gajimare a gefensa sunansa kawai ke kwamfutar, ainihinsa yana sama, in zaka kwafe shi sai ya sauko tukuna, don haka ka yi aikin a inda data take da sauƙi ko da daddare in layinka yana da garaɓasar dare. Mai koren alama shine yake ƙasa.

Sannan ka koma saitin, akwai Manage backup, zaka ga Desktop da Documents da Pictures a kunne. Shawarata ka kashe Desktop da Pictures a laftof ɗin shago, don nan yara suke zubar da komai. In ka kashe kaga fuskar kwamfuta tayi fayau kada gabanka ya faɗi, kayan suna cikin foldar OneDrive, ɗaukowa zakayi ka mayar.

Me zai ci gaba da hawa kenan? Ni tambaya ɗaya nake wa kowace folda: in gobara ta tashi ko aka sace laftof ɗin nan yau da daddare, Allah ya kiyaye, rashin wannan zai jawo min asarar kuɗi? Kai ka fini sanin abinda gobara da ambaliya suka yi wa kasuwannin Kano. Littafin bashi, cinikin yau da kullum, rasit ɗin sari, takardun hayar shago, takardar rajistar CAC, takardun haraji da na kwastam in kana shigo da kaya, waɗannan dole su hau kuma duka bazasu cika giga ɗaya ko biyu ba. Hotunan kayan da suke shago yanzu zaka iya ware folda ƙarama ta masu kyau kaɗai, kala ɗaya hoto ɗaya, in kaya sun ƙare a fitar. Ragowar su zauna ƙasa.

Akwai kuma abinda baka tambaya ba amma shi yafi damuna a bayaninka. In da akawun ɗaya kuke shiga kai da yaronka, to duk abinda kake gani shima yana gani, farashin da ka saro kaya, ribarka, takardun gidanka. Cire alama a Choose folders ba makulli bane, yana iya mayar da alamar ko ya buɗe ta burauza. Ba zargin yaron nake ba, tsari ne kawai, ko ɗan cikinka ne ba komai na aljihunka zai sani ba. A buɗe wa shago akawun nasa daban, kai kuma daga naka ka raba masa folda ɗaya tak ta ciniki da bashi. Ƙarin riba ma shine akawun shagon yana da nasa giga 5 ɗin. Kuma in kuna karɓar hoton katin NIN ko katin zaɓe na masu ɗaukar kaya bashi, kada su zauna a foldar da kowa ke buɗewa ko a wayar yara, amana ce, kuma tun 2023 akwai dokar kare bayanan mutane a Najeriya da ta ɗora wa mai riƙe irin wannan alhakin tsare shi.

Excel ɗin ma a yi masa ƙa'ida, mutum ɗaya ke rubutu a lokaci guda. In yaronka ya rubuta a shago netwok babu, kai ma ka gyara a gida, za'a wayi gari da fayil biyu ɗaya da sunan kwamfuta a jikinsa, kowanne da lissafinsa, daga nan rigimar wa ya biya wa bai biya ba take farawa. In kuma wata rana ka koma manhajar lissafi irin QuickBooks ta kwamfuta, kada ka ajiye ainihin fayil ɗin da take aiki dashi a foldar da ke hawa sama, yana iya lalacewa saboda ana ɗaukarsa yana buɗe. A bar shi ƙasa, in an tashi kasuwa a fitar da bakof, wato kwafin ajiya, a jefa a OneDrive.

Maganar data kuwa, tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin har kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairun 2025 kowa yaji a jikinsa. A saitin Wi-Fi na Windows ka shiga sunan MiFi ɗinka ka kunna Metered connection, OneDrive zai dakata da kansa, Windows ma zata rage manyan sauke-sauken da take yi a ɓoye. Sai dai fa ka sa yaron ya riƙa sakin OneDrive ɗin kullum kafin a rufe shago, in ba haka ba zaka buɗe a gida kaga lissafin shekaranjiya.

Wayarka ma ciwon ɗaya ne. Tun 1 ga Yunin 2021 hotunan da ke hawa Google Photos suke cin giga 15 ɗin, daga farkon 2024 kuma bakof ɗin WhatsApp na Android shima ya shiga lissafi, kai kuma ɗan kasuwa ne mai guruf-guruf da ake turo kaya dare da rana. A Google Photos ka shiga Backup, ka nemi Back up device folders, ka kashe na WhatsApp da Download. A WhatsApp wajen Chat backup ka kashe Include videos. Kada ka fara goge hotuna daga cikin Google Photos kafin ka juye su a kwamfuta, don yana gogewa har na kan wayar. Wannan kada ka ja shi da nisa, in wurin ya cika tam Gmail zai daina karɓar saƙo, sanarwar banki da takardar kaya daga wanda kake saro wa duk bazasu shigo ba.

In ka gama duk wannan kaga har yanzu abinda ya zama dole ya fi ƙarfin na kyauta, to ka biya, babu laifi, Google da Microsoft duk suna da tsarin giga 100 na wata-wata, ka sa shi a lissafin shago kamar kuɗin hayar sito kuma ka ɗaura shi a katin da baya zama babu kuɗi. Amma inaga mai shago ɗaya da laftof biyu bazai kai nan ba.

Ka fara sayen hadis ɗin, ka samu ranar da babu cunkoso ku zauna kai da ɗanka, kuma hadis ɗin a gida zai riƙa kwana ba a shago ba. Kada a goge ko fayil ɗaya sai ka buɗe littafin bashi daga kwafin da idonka kaga sunan mutum na ƙarshe da ya karɓi kaya.