Ɗora tankin ruwan zafi da injin ɗumama gida a saman silin

Ɗana, ka tambaye ni dalilin da ya sa na yarda a ɗora injin ɗumama gida a saman silin na sabon gidan da muke yi wa aiki, amma na roƙi mai gidan ya bar tankin ruwan zafi a gareji, alhali zanen ya nuna duka biyun a sama. Tambayar tana kan hanya, domin kayan biyu ba haɗarinsu ɗaya ba.

A nan Houston, a jihar Texas ta Amurka, ba kasafai ake haƙa ɗakin ƙarƙashin ƙasa ba, saboda ƙasar laka ce kuma ruwa yana kusa. A kan daɓen kankare ake kafa gida, don haka magina suke tura injuna sama, su sami ƙarin fili a ƙasa. Wannan riba ce ta ranar sayarwa. Mu kuwa aikinmu shi ne mu yi tunanin ranar da abin zai lalace.

Tanki mai cin galan 50 yana ɗauke da ruwa kusan lita 190, kuma idan aka haɗa da nauyin ƙarfensa ya kai wajen kilo 250, duk a kan katakan silin. Yawancin irinsa shekara 8 zuwa 12 suke yi kafin tsatsa ta huda su. Idan ya huje a gareji, ruwan zai bi daɓe ya fita waje, amma idan a sama yake, zai jiƙa silin har ya rufto kan ɗakin kwana. Ga kuma sanyi. A watan Fabrairun 2021, da wutar lantarki ta ɗauke na kwanaki a Texas, ruwa ya daskare a bututan da ke saman silin, suka fashe, gidaje masu yawa suka lalace, kuma abin ya fi ci mini rai a kan tsofaffin da ba su da halin gyara.

Idan mai gida ya dage, haƙƙinsa ne, amma sai a yi aikin yadda doka ta tanada. A ajiye tankin daidai kan bango mai ɗaukar nauyi, a sa masa faranti mai zurfin aƙalla inci 1 da rabi, da bututu mai faɗin kashi uku cikin huɗu na inci wanda zai kai ruwan waje, inda ido zai gan shi yana ɗiga. Kada ka taɓa toshe bawul ɗin da ke sakin ruwa idan zafi ko matsi ya yi yawa, domin shi ne ke hana tankin fashewa.

Injin ɗumama ya fi sauƙi, tunda bututan iskarsa dama ta can suke bi. Sai dai yana ƙona gas, don haka hayaƙinsa dole ya fita ta rufi, kuma idan an toshe saman silin da kumfa mai hana zafi shiga, sai a sa irin injin da ke jawo iskarsa daga waje, a kuma kafa na'urar gano gubar hayaƙi kusa da ɗakunan kwana. Sashen sanyaya iska da ke haɗe da shi yana zubar da ruwa duk lokacin zafi, shi ma yana buƙatar faranti da makunnin da zai kashe shi idan farantin ya cika.

Ka kuma tuna da mai gyaran da zai hau wurin a watan Agusta, lokacin da zafin sama ke wuce digiri 50 a ma'aunin Celsius. Ƙofar shiga kada ta gaza inci 22 da 30, hanyar katako mai faɗin inci 24 zuwa wurin injin kada tsawonta ya wuce ƙafa 20, sannan a bar masa wurin durƙuso na inci 30 da 30 a gaban injin, da fitila da soket. Gobe da safe ka auna ƙofar kafin kafintoci su rufe silin, ka tabbata injin zai iya fita ta cikinta ba tare da an fasa komai ba.