Tambaya da Amsa: Ziyarar Birnin Iskandariyya

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Jami'ar Azhar, kuma mahaifina zai zo Alƙahira ganin likita. Ina so in kai shi Iskandariyya mu kwana biyu ya sha iskar teku, amma shi dattijo ne, ƙafarsa ba ta jure doguwar tafiya. Daga ina ya kamata mu fara, kuma me za mu bari? Daga wani ɗalibi, Alƙahira.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah Ya ba Baba lafiya, kai kuma Ya yi maka albarka. Ku hau jirgin ƙasa daga tashar Ramsis, tafiyar kilomita sama da 200 ce, tana ɗaukar awa biyu da rabi zuwa uku. Idan jirgin ya tsaya a Sidi Jabir za ka ga yawancin fasinjoji suna sauka, to kada ka bi su, ku dakata sai tasha ta ƙarshe, domin tsohon gari yana can yamma, kuma a can ne abin da zai faranta ran dattijo yake.

Ku fara da unguwar Anfushi, inda masallacin Abul Abbas al-Mursi yake fuskantar tsohuwar tashar jiragen ruwa. An haifi shehin a Mursiya ta Andalus a 1219, ya yi almajiranci a wurin Shehu Abul Hasan Shazali, ya rasu a wannan birni wajen 1287. Ginin da ake gani a yau ba tsoho ba ne sosai, don an kammala shi ne a shekarun 1940, kuma masu zanen gini 'yan Italiya ne suka tsara shi, abin da yake ba baƙi da yawa mamaki idan suka dubi ƙubbobinsa masu ado da hasumiyarsa mai tsawon mita 73. Sai dai ni a ganina ba a nan Baba zai fi daɗewa ba. Taku kaɗan daga ƙofar akwai wani masallaci ƙarami, wanda a cikinsa kabarin Imam Busiri yake, mai ƙasidar Burda, almajirin Abul Abbas. Baitocin ƙasidar suna rubuce a jikin bango, suna zagaye da masallacin, kuma duk wanda ya tashi a Kano ko Katsina ko Damagaram yana jin ana rera su a daren Mauludi, da ya ɗaga kai ya karanta baiti ɗaya, sauran za su zo masa a baki da kansu. Ka ba shi lokaci a wurin, kada ka riƙa duba agogo.

Bayan la'asar, idan rana ta yi sanyi, ku ɗauki mota zuwa ganuwar Ƙaitabai da ke ƙarshen tsibirin da ya haɗe da gari. Sarki Ƙaitabai, ɗaya daga cikin sarakunan Mamaluka da suka mulki Masar, ya gina ta tsakanin 1477 da 1479 don tsare bakin teku, kuma ya ɗora ta ne a kan kufan hasumiyar nan ta haska wa jiragen ruwa hanya, wadda aka gina a ƙarni na uku kafin haihuwar Annabi Isa, mai tsawon fiye da mita 100. Girgizar ƙasa ce ta ci hasumiyar sannu a hankali, musamman ta 1303 da ta 1323. Ibn Baɗɗuɗa ya gan ta a 1326 gefe ɗaya ya zube, da ya dawo a 1349 ya tarar ko shiga ba a iya yi. Idan kun isa babbar ƙofa ka lura da manyan duwatsun da launinsu ya saɓa wa farin dutsen sauran ginin, masana da dama suna ganin ragowar hasumiyar ne aka sake amfani da su. Hawa sama sai da matakala, don haka Baba ya zauna a farfajiya, teku yana gabansa ko ta ina.

Kashegari ku je sabon ɗakin karatu na Iskandariyya, wanda aka buɗe a 2002. Fasalinsa kamar faifai ne da aka jingina yana kallon teku, faɗinsa mita 160, an kewaye shi da bangon dutsen Aswan da aka sassaƙa haruffan rubuce-rubucen duniya kusan 120 a jikinsa. Abin da za ku bari kuwa shi ne kaburburan ƙarƙashin ƙasa na Kom Shuƙafa, saboda matakalarsu mai murɗewa ba ta mai ciwon ƙafa ba ce, sai kuma fadar Muntaza, wadda take can ƙarshen gabas, cunkoson titin bakin teku zai cinye muku rabin yini kafin ku ga lambunta.

Tambaya: Malam, maigidana yana zuwa Masar saro kaya, bana kuma ya ce da ni za a je, har Iskandariyya. Ni ban saba da abincin teku ba. Me zan ci hankalina kwance? Daga wata uwargida, Kano.

Amsa: Hajiya, ki kwantar da hankalinki, domin a mazhabar Malikiyya da muke bi abin da ke rayuwa a cikin teku halal ne, har jatan lande da ƙaguwa, ko da yake halascin abu daban, son cinsa daban. A gidajen kifi na unguwar Bahari ba a kawo takardar jerin abinci, kifin yana shimfiɗe a kan ƙanƙara, ke za ki nuna wanda kike so, a ɗora shi a sikeli a gabanki, sannan a tambaye ki gashi ko suya. Ki tambayi kuɗin kilo kafin a auna, ki kuma duba idon kifin: idan yana da haske sabo ne, idan ya dushe ki nuna wani. Ga wanda bai saba ba, na fi ba da shawarar abin da suke kira singari, wato a tsaga kifi a buɗe shi, a zuba masa tumatir da albasa da barkono a gasa, a ci da shinkafar sayyadiyya, wadda launinta ya yi ƙasa-ƙasa saboda albasar da aka soya har ta yi duhu.

Idan kifin bai karɓe ki ba, akwai hantar Iskandariyya da duk Masar ta san ta. Ana yanka hanta siri-siri, a soya ta da tafarnuwa da ɗanyen barkono a wuta mai ƙarfi, a cusa a burodi a matsa lemun tsami, kuma Bakanuwa ba za ta yi ƙorafin rashin yaji ba. Da safe akwai ful, wato dafaffen wake mai faɗi, da falafil mai kama da ƙosai. Abu ɗaya zan hana ki, shi ne fasikh, kifin da ake jiƙawa a gishiri ya daɗe, wanda ake ci a Shammun Nasim, bikin Misrawa na shigowar bazara. Idan ba a sarrafa shi da kyau ba yana sa guba mai tsanani.

Tambaya: Da gaske ne Amru ɗan Asi ya ƙone tsohon ɗakin karatu na Iskandariyya? Daga wani malamin makaranta, Maraɗi.

Amsa: Malam, yawancin masana tarihi, Musulmi da waɗanda ba Musulmi ba, ba su yarda da wannan labari ba. Amru ya ci birnin wajen 642, amma labarin ƙonewar bai bayyana a rubuce ba sai a farkon ƙarni na 13, kusan shekara 600 bayan haka. Ɗakin karatun ya riga ya lalace tun da daɗewa: gobara ta taɓa littattafai a yaƙin Yuliyas Kaisar, shugaban Rumawa, a shekara ta 48 kafin haihuwar Annabi Isa, sannan aka rushe haikalin Sarafis, inda reshen ɗakin karatun yake, wajen 391 miladiyya. A kufan wannan haikali ne ginshiƙin da Misrawa suke kira Amudus Sawari yake tsaye har yau, jan dutse mai tsawon kusan mita 27. Turawa suna kiransa ginshiƙin Fomfe, da sunan wani jarumin yaƙi na Rumawa, alhali rubutun da ke gindinsa ya nuna don girmama Sarkin Rum Diyokilishiyan aka kafa shi, wajen shekara ta 300.