Gobara ta ci shagona, kamfanin inshora ya ja ni shekara biyu: shin kuɗin ruwan jinkiri ya halatta gare ni?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Kano, atamfa da shadda nake sayarwa. A farkon 2023 gobarar dare ta cinye shagona, ko ƙyalle ban fitar ba. Ina da inshorar gobara. Kamfanin ya turo mai ƙiyasta asara, suka amince za su biya ni naira miliyan 18, na sa hannu a takarda. Daga nan sai jeka ka dawo har shekara biyu. Na kai ƙara, kotu ta ce su biya kuɗin, da kuɗin ruwa na jinkiri, da abin da na kashe a shari'a. Akwai bashin masu kaya a kaina. Me ya halatta in karɓa?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah Ya mayar maka da alheri, Alhaji. Na taɓa tsayawa a kasuwa washegarin gobara, na ga dattijo yana tona toka da sanda ko zai tarar da littafin bashinsa, kwanon rufi a narke a gefensa. Wanda ya ga haka ba zai ɗauki tambayarka da wasa ba.

Abin da kamfanin ya yi maka zalunci ne. Annabi (SAW) ya ce jinkirin mawadaci wajen biyan bashi zalunci ne, Buhari da Muslim suka ruwaito daga Abu Huraira. A ruwayar Abu Dawuda da Nasa'i kuma, taurin bashin mai hali yana halatta a faɗi laifinsa, a kuma hukunta shi. Ƙarar da ka kai daidai ce, kada wani ya ce maka rashin tawakkali ne. Ko dokar inshora ta 2003, wadda take aiki a lokacin, kwana 90 ta ba kamfani ya biya bayan ya amince da haƙƙin mutum, hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, kuma tana karɓar koke a kan irin wannan.

Sai dai kuɗin da kotu ta yanke ba hukuncinsu ɗaya ba, sai an rarrabe.

Miliyan 18 ɗin tukuna. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1985, ta yanke cewa inshorar kasuwanci haramun ce saboda gararin da ke cikinta, wato mutum ya biya kuɗi bai san zai karɓi wani abu ko ba zai karɓa ba. Ta halatta ta taimakekeniya, wadda ake kira takaful. A kan haka malamai da dama suka ce ka karɓi gwargwadon abin da ka zuba kawai. Shaihu Mustafa Zarƙa ya saɓa musu, ya halatta inshorar. Abin da na fi natsuwa da shi a halinka shi ne ka karɓi diyyar duka matuƙar ba ta wuce asararka ta gaskiya ba, domin garari ya fi riba, wato kuɗin ruwa, sauƙi, kuma shari'a tana rangwame a kansa idan buƙata ta matsa. Mutumin da jarinsa ya zama toka, masu kaya suna sallama a ƙofar gidansa, ai buƙatarsa ba ta ɓuya ba. Idan Allah Ya tayar da kai, ka koma takaful, tun 2013 NAICOM ta fitar da ƙa'idojinsa kuma akwai kamfanoninsa a ƙasar nan.

Kuɗin lauya da na kotu da na zirga-zirga halal ne. Malamai sun faɗa cewa idan taurin bashi ya tilasta wa mai haƙƙi kai ƙara, abin da ya kashe bisa al'ada yana wuyan wanda ya ja shi. Ka karɓi abin da ka kashe, kada ka ƙara ko sisi.

Kuɗin ruwan jinkiri shi ne inda nake so ka tsaya ka saurare ni. Ranar da kamfanin ya amince da miliyan 18, kuɗin ya zama bashi a wuyansa. Duk ƙarin da aka ɗora a kan bashi don lokaci ya wuce, kaso kaza cikin ɗari a shekara, shi ne ainihin ribar jahiliyya: ko ka biya ko ka ƙara. Allah Ya ce a Baƙara, aya ta 279, idan kun tuba kuna da uwar dukiyarku, ba ku zalunta ba, ba a zalunce ku ba. Malaminmu na Malikiyya, Haɗɗabi, ya ce idan wanda ake bi ya ɗaukar wa kansa ƙari in ya yi jinkiri, babu saɓani a kan ɓacin wannan. Majalisar Fiƙihun ma, a Riyad a 2000, ta halatta sharaɗin tara a kwangiloli amma ta cire wanda asalinsa bashi ne. Hukuncin alƙali ba ya canza wannan.

Amma kada ka bar musu. Yafe wa kamfani wannan kuɗi tukuici ne ga mai taurin bashi, gobe wani zai yi wa. Ka karɓa, ka ware shi tun ranar da ya shigo asusunka, ka ba mabuƙata ba da niyyar sadaka ba, da niyyar tsarkake dukiya. A layinku akwai masu tebur da yaran shago da wutar ta taɓa, ba su da inshora ba su da lauya, su ne suka fi cancanta. In kuwa bayan ka biya masu kaya kai da kanka ka koma cikin matalauta, malamai sun yarda ka ɗauki gwargwadon buƙatarka kamar kowane talaka.

Na san abin da ke cin ranka, kuma gaskiyarka ce. A farkon 2023 dala ba ta kai naira 500 ba a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500. Miliyan 18 ɗin yau ba za ta cika rabin kantar da ta cika a da ba. Asali a mazhabarmu bashi da irinsa ake biya, amma Abu Yusuf, almajirin Abu Hanifa, ya ce a duba ƙima idan kuɗi ya karye, Rahuni daga Malikiyya kuma ya yarda da haka idan faɗuwar ta yi muni. Wannan ƙofa a buɗe take gare ka, tunda jinkirinsu ne ya jefa ka ciki. Sai dai hanyarta daban ce: ko sulhu da kamfanin, ko alƙali ya sa masana su ƙiyasta abin da ya zube na ƙimar kuɗin, a rubuta shi da sunansa. Ba ka da ikon ɗaukar kuɗin ruwa ka sauya masa suna da kanka. Ka zauna da lauyanka ka tambaye shi ko da sauran damar neman wannan, ka kuma kai takardar hukuncin wurin malamin da ka amince da shi ya duba yadda aka lissafa kowane kaso kafin ka taɓa kuɗin.

Wallahu a'alam.