Ku Tambaya Mu Amsa: Inji ya cinye min yatsu biyu, manaja ya ce in karɓi dubu hamsin a rufe magana

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, dan Allah shawara nake nema. Ina aiki a wani kamfanin roba a Sharaɗa shekara uku kenan amma ba su taɓa ba ni takardar ɗaukar aiki ba, sati-sati ake biyan mu. Yau kwana goma inji ya kama min hannu na rasa yatsu biyu, sun kai ni asibiti sun biya kuɗin ranar farko shikenan, yanzu manaja ya turo wai in zo in sa hannu a wata takarda a ba ni dubu hamsin. Abokan aiki na cewa in karɓa kawai tunda ni ba cikakken ma'aikaci ba ne. Wlh na rasa yadda zan yi, ga iyali.
Daga wani mai karatu a Kano

AMSA: Wa alaikumus salam. Sannu ɗan'uwa, Allah ya ba ka lafiya. Kar ka sa hannu tukuna.

Abokan naka ba mugunta suke maka ba, dokar ce ba su sani ba. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ba ta ware mai albashin wata da wanda ake sallama duk sati ba, har ɗan koyon aiki ta haɗa da shi. Kowane kamfani ya kamata ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya a asusun NSITF, wato hukumar gwamnati mai kula da inshorar ma'aikata, daga aljihunsa ba daga naka ba, to daga nan ake biyan magani da diyya. Ita kuma wannan takarda da ake lallaɓa ka da ita, dokar cewa ta yi duk yarjejeniyar da ma'aikaci zai yafe haƙƙinsa na diyya ba ta da inganci, amma gaskiya gara kar ka shiga rigimar warware ta daga baya, lauya ma sai ya sha wahala. Dubu hamsin a kan yatsu biyu, haba! Ko wankin ciwon ba za ta ƙarasa ba.

Abin da ya fi damuna kwanakin nan ne. Kwana 14 doka ta ba ka ka sanar da kamfani, saura maka huɗu. E sun sani tunda su suka kai ka asibiti, amma ka rubuta a takarda, da rana da wurin da abin ya faru, ka kai a buga maka sitamfi ka riƙe kwafi. Su kuma kwana 7 gare su su kai rahoto NSITF, shigar da neman diyyar kuwa cikin shekara ɗaya ne.

Ka adana katin asibiti da rasit da hoton hannun, da duk wata shaidar biyan ka da suke yi ko alat ne na banki, sannan ka nemi mutum biyu da abin ya faru a gabansu. Ka je ofishin NSITF da ƙafarka ka tambaya ko kamfanin ya yi rajista. In suka fara yawo da kai, hukumar Legal Aid tana ba marasa ƙarfi lauya kyauta, kuma kotun ma'aikata ta ƙasa tana da reshe a nan Kano. In manaja ya sake kira ka ce masa kana jinya, ya turo maka kwafin takardar ka nuna wa wanda ya san doka.