Kun Tambaya, Mun Amsa: Katin Bashi Kafin Albashin Farko

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Na kammala digiri na biyu a Amurka, Allah kuma ya sa na samu aiki, amma sai ranar 15 ga Yuli zan fara, yau saura mako shida. Abin da ya rage mini a banki dala 700 ne. Ina da katin bashi da zan iya kashe har dala 3,000 da shi. Haya, abinci, mota da 'yan tufafin zuwa ofis za su ci kusan dala 2,500. In ɗora su a kan katin, in biya idan albashi ya shigo?
— Wani ɗalibi, Amurka

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam, muna taya ka murna. Za ka iya, kuma idan ka iya lissafin kwanaki, ba za ka biya ko sisi na ruwa a kan mafi yawan kuɗin ba. Amma lissafin ne duka maganar, don haka ɗauko takardar katin ta watan jiya ka nemo ranaku biyu: ranar da banki ke rufe lissafin wata, da ranar ƙarshe ta biya. Dokar katin bashi ta 2009 ta tilasta wa bankunan Amurka su bar aƙalla kwana 21 tsakanin aiko maka da takardar da ranar biya. Duk abin da ka saya da katin, in ka biya jimillar da ke kan takardar cif kafin wa'adin ya cika, babu ruwa a kai.

Mu ɗauka ana rufe maka lissafi ranar 5 ga kowane wata, ranar biya kuma 30. Sayayyar da ka yi ranar 4 ga Yuni za ta faɗa takardar da za a rufe washegari, a nemi kuɗinta ranar 30 ga Yuni, alhali ko ƙofar ofis ba ka taka ba. Da ka yi haƙurin kwana biyu ka saya ranar 6, sai ta tsallaka takardar 5 ga Yuli, biyanta ya kai 30 ga Yuli. Kaya ɗaya, farashi ɗaya, amma wancan kwana 26 ya ba ka, wannan kwana 54. Saboda haka manyan sayayya, irin su tufafi da tikitin jirgi, a jinkirta su har sai an rufe lissafi. Dala 700 ɗinka kuma kada ka taɓa ta da sunan cefane. Ita ce za ta biya abin da kati ba ya biya, da ƙaramar takardar Yuni.

Inda mutane ke faɗuwa shi ne sun ɗauka ranar fara aiki ita ce ranar kuɗi. Kamfanoni da yawa a can duk mako biyu suke biya, kuma sukan bar tazarar mako guda bayan an rufe kwanakin aikin. Wanda ya fara 15 ga Yuli yana iya ganin kuɗinsa na farko a farkon Agusta, wato bayan 30 ga Yuli ta wuce, kuma na mako biyu ne kawai, an cire haraji, an cire inshorar lafiya. Rubuta wa ofishin kula da ma'aikata yau ɗin nan, ka tambaye su ranar da albashin farko zai shiga da kwanakin da zai ƙunsa. Ba abin kunya ba ne, kullum ana yi musu wannan tambaya. Ka haɗa da tambayar ko suna ba da kuɗin ƙaura, kuma kafin ka zo ake bayarwa ko sai ka kashe ka kawo rasit. In ranakun ba su haɗu ba, kira bankin katin ka roƙi a matsar da ranar biyanka. Yawancinsu suna yarda, sai dai canjin yakan ɗauki wata ɗaya ko biyu kafin ya fara aiki, don haka ba ranar 29 ga Yuli ake kira ba.

To, in wa'adin ya cika ba ka da dukkan kuɗin fa? A shekarun nan ruwan katin bashi a Amurka ya haura kashi 20 cikin 100 a shekara. Duba naka a takardar, inda aka rubuta APR. Idan naka kashi 24 ne, dala 2,500 tana haifar da kusan dala 1.64 kowace rana, dala 50 ke nan a wata. Wata biyu, dala 100. Ba ta kashe mutum. Abin da ke kashewa shi ne sabo da biyan mafi ƙarancin abin da banki ya rubuta, wanda sau da yawa kashi 1 ne na bashin haɗe da ruwan watan. A naka lissafin dala 75 ce, 50 ta tafi ruwa, 25 kacal ta taɓa uwar kuɗin. Sannan da zarar ka tsallaka wata da saura, rangwamen kwanakin nan ya faɗi: burodin da ka saya gobe, daga goben ruwa zai fara hawa kansa, kuma rangwamen ba ya dawowa sai ka share bashin gaba ɗaya, wasu bankunan ma sai ka yi hakan wata biyu a jere. Ko bayan ka share, duba takarda ta gaba, akwai ɗan guntun ruwa na kwanakin da ke tsakani da yake biyo baya. Mutane kan manta da shi har ya zama latti.

Ko me ake ciki, kada ranar biya ta wuce ba ka tura ko da mafi ƙarancin ba. Saita shi ya riƙa fita da kansa daga asusunka. Lattin kwana ɗaya tara ce ta kusan dala 30. Lattin kwana 30 kuwa sunanka zai je wurin Equifax da Experian da TransUnion, kamfanonin da ke ajiye tarihin bashin mutane, tabon ya zauna shekara bakwai. In ya kai kwana 60, banki na da damar ɗaga ruwan tsohon bashin zuwa kusan kashi 30.

Abu biyu kada ka yi da katin. Kada ka cire tsabar kuɗi da shi a na'urar ATM, kada kuma ka aika kuɗi gida da shi, domin bankuna da yawa duk ɗaya suke ɗaukarsu. Wannan ba shi da kwanakin rangwame ko ɗaya, ruwansa ya fi na sayayya, ga la'ada ta kashi 3 zuwa 5 tun a take. Dala 500 da ka cira, da la'ada kashi 5 da ruwa kashi 29, cikin kwana 45 ta ci maka kusan dala 43. Haya kuma, masu gida da yawa ba sa karɓar kati, waɗanda ke karɓa sukan ɗora kusan kashi 3. Gara ka biya haya da tsabar da ke hannunka, cefane da man mota su hau kati.

Akwai wata 'yar dabara game da tsarin lokaci. Kashe dala 2,500 cikin 3,000 cinye fiye da kashi 80 ne na iyakar katin, makin amanarka, wato makin da masu ba da bashi ke auna yadda kake biyan bashi da shi, zai sauka, ko da yake yana farfaɗowa da zarar ka biya. In za ka nemi sabon gida kusa da wurin aikin, ko motar biya sannu-sannu, gabatar da takardun tukuna, kafin katin ya cika, don za su duba makin. In kuma makin naka mai kyau ne, nemi sabon kati mai ruwa sifili na watannin farko, yawanci 12 zuwa sama. Doka ta yarda banki ya yi la'akari da albashin da ake sa ran samu da hujja, don haka takardar ɗaukar aikinka tana da amfani. Ka dai rubuta gaskiyar adadin. Kada ka rikita shi da katin kantuna mai cewa babu ruwa "in an biya cikin wata kaza": wannan, ko dala 10 ta rage ranar da wa'adin ya cika, ruwan tun daga ranar farko za su lissafa maka.

Duk wannan ya rataya ne a kan aikin ya tabbata. In da bizar karatu kake, ba ka da ikon fara aiki sai katin izinin aiki ya iso hannunka kuma ranar da ke jikinsa ta yi. Yana makara, ranar farawa ta matsa. Kafin ya iso, abinci da haya kawai. Kwat ta jira.

TAMBAYA: Na samu aikin gwamnatin tarayya a Abuja, daga Zariya zan tashi. Na je bankina neman katin bashi don in kama ɗaki, suka ce ban cancanta ba. Wata ƙawata ta ce in sauke manhajar bashi a waya. Me kuka gani?
— Wata mai karatu, Zariya

AMSA: Malama, bankin bai ƙi ki ba, ƙa'idarsu ce. Katin da yawancinmu ke riƙe da shi na cirar kuɗin kanmu ne. Na bashi a Najeriya sai wanda albashinsa ya yi watanni yana shiga asusun, yawanci uku zuwa shida. Kuma ko da sun ba ki, ba za mu ce ki karɓa ba, domin sabon ma'aikacin tarayya sai an shigar da shi tsarin biyan albashin gwamnati na IPPIS kafin ya ga albashi, kuma hakan kan ja watanni. Bashin kwana 30 ba ya jiran albashin da ba shi da rana.

Manhajar kuwa, a yi lissafi. Misali an ce ₦50,000 na kwana 14, aka zare ₦7,500 tun kafin kuɗin ya iso. ₦42,500 kika karɓa, ₦50,000 za ki mayar, kusan kashi 18 ke nan cikin mako biyu. Ranar biya ta zo babu albashi, sai a sauke manhaja ta biyu don a biya ta farko. Garin neman ƙiba a samo rama. Wasu kuma suna kwashe lambobin da ke wayarki su aika wa surukai da maƙwabta saƙon cin mutunci, abin da ya sa hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC ta fara kai musu samame a 2022. Bashin banki ma ba a guje masa: tun Agustan 2020 tsarin GSI na Babban Bankin Najeriya ya ba su damar bin lambar BVN su cire kuɗinsu daga kowane asusunki a wani banki.

Kada ki kama ɗaki yanzu. Masu gida a Abuja hayar shekara suke nema, ga kuɗin dillali a kai. Nemi 'yar uwa ko 'yar garinku a Kubwa, Nyanya, Mararaba ko Suleja ki zauna wata biyu ko uku, kina ba da naki na cefane. Ranar da kika kama aiki, rubuta takardar neman alawus ɗin kwana 28 na farko da dokar aikin gwamnati ta tanadar a madadin masauki, ki ajiye kwafi, amma kada ki gina lissafi a kansa don shi ma yana jinkiri. Kuɗin mota da abinci na wata uku, ki nema a gida: bashi hanji ne, kuma na yaya ko kawu ba ya hawa. A rubuta adadin, a ce za a fara biya daga albashin farko, ba daga wata kaza ba.

TAMBAYA: In mutum zai biya kafin ruwa ya hau, katin ya halatta?
— Wani mai karatu, Kumasi

AMSA: Malamai sun saɓa. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Riyad a shekarar 2000, ta ce bai halatta a yi mu'amala da katin da aka gindaya sharaɗin ruwa a kansa ba, ko da mai shi ya ƙudura biya cikin kwanakin rangwame, domin ya riga ya sa hannu a kan sharaɗin. Wasu malaman, musamman masu ba Musulmin Turai da Amurka fatawa, sun sassauta saboda buƙata, muddin mutum ya tabbata zai biya duka a kan kari. Ka lura, ko a wurin masu sassaucin, wanda ya san albashinsa ba zai iso kafin ranar biya ba ya fita daga ciki. Kai wa malaminka takardar yarjejeniyar katin kanta, ba labarinta ba, ka nuna masa sakin layin da ya yi maganar ruwa da na tarar latti.