Giwan ruwa da mai shi

Wata malama da ke mayar da littafin yara kan halittun teku zuwa Hausa ta aiko da tambaya: ƙatuwar halittar nan da Turawa ke kira whale, ko za ta iya ce mata giwan ruwa, tunda ba abin da ya kai ta girma?

Malama, kar ki soma. Sunan nan da mai shi. Giwan ruwa kifi ne na gulbi da tafki, babbansa kan kusan kai mita 2. Ki ma dubi ginin kalmar: giwa mace ce, da ƙa'ida aka bi da giwar ruwa za a ce, amma da yake kifi namiji ne a bakin Bahaushe, sai sunan ya bi shi.

Ita kuwa waccan ba kifi ba ce ko kaɗan. Da huhu take numfashi, dole ta taso ta shaƙi iska ta hancin da ke saman kanta. Haihuwa take yi, ta shayar da ɗanta nono. Ki sake kallon hoton wutsiyarta a littafin: a kwance take, sama da ƙasa take kaɗa ta, shi kuwa kifi hagu da dama yake kaɗa tasa. Wani nau'inta, shuɗiya, kan kai mita 30, ba a san wata dabba da ta fi ta girma ba. Kina cewa kifi kin rushe darasin shafin tun daga kanunsa. Ni dai aro zan yi, in rubuta wel, in bi shi da "dabbar teku mai shayarwa", in kawo wa yaro misalin ayu, wanda shi ma a ruwa yake zaune amma macensa nono take bayarwa.

Wani ya tambayi bambancin teku da bahar. Bahar daga Larabci ya zo, ya fi zama a sunaye irin su Bahar Rum da Bahar Maliya. A littafin yara teku ya wadatar.

Wani uba kuma ya ce ɗansa ya ci karo da "kifi na ganinka, mai jar koma", ya tsaya yana tambaya ina za a koma. Yaron bai yi laifi ba, rubutun ɗaya ne. Komar nan raga ce ta kamun kifi, kuma ana jefa maganar ga mai wata ɓoyayyiyar manufa, alhali wanda yake fako ya daɗe da gano shi. Alhaji, ka zana masa masunci riƙe da komarsa, da kifi a ƙarƙashin ruwa yana kallonsa.