Abin da ya kai “Dynamite” ta BTS saman jadawalin Billboard

Ka tambaya ko yawan masoya kaɗai ne ya kai waƙar “Dynamite” ta BTS, ƙungiyar samari bakwai 'yan Koriya ta Kudu, matsayi na ɗaya a Amurka. Masoya sun taka babbar rawa, domin a makon farko bayan fitowarta ranar 21 ga Agusta, 2020, an saye ta sau 265,000 ta intanet, kuma jadawalin Billboard Hot 100, mai jera waƙoƙin da suka fi tashe a Amurka, yana haɗa ciniki da sauraro ta intanet da na rediyo wajen lissafi. Amma a ganina, rera ta da Turanci zalla ne ya buɗe mata ƙofar gidajen rediyon Amurka, waɗanda a da ba su cika sanya waƙoƙin BTS na Koriyanci ba.